Abin da Ke Cikin Rawanin Bapu

Shafi na 17

Ku da kuka cika mini waya da saƙo, wai Sugna ta bar ku a rataye kwana uku, ku yi haƙuri. Taguwarmu ce ta haihu, kuma a gidanmu haihuwar taguwa ta fi rubutuna daraja. Wadda ta ce za ta daina karantawa in ban turo yau ba, to ga shi, nemi wuri ki zauna.

Mun tsaya ana gobe sulhu. Baffa Hapuram, ƙanin mahaifina, zai tako gidanmu karo na farko bayan shekara goma sha ɗaya. Zai miƙa wa Bapu, wato mahaifina, ruwan amal, jiƙon ofiyom ɗin nan mai bugarwa, a tafin hannunsa a gaban dattawa, Bapu ya sunkuya ya sha, gaba ta ƙare.

*

Tun ina 'yar shekara tara nake naɗa wa Bapu rawani. Shi ya koya mini bayan rasuwar mahaifiyata, don ya raba ni da kuka. Na ƙware har maƙwabta na cewa guguwa ba ta kwance naɗin Sugna. Amma wata bakwai ke nan da ya hana ni taɓa rawaninsa. Wai yanzu na zama ma'aikaciyar asibitin ƙauye, hannun da ke auna jarirai ya fi ƙarfin naɗi. Na yarda, don ni akwai saurin yarda in dai Bapu ne ya faɗa.

Da safiyar ranar na leƙa ɗakinsa na same shi a bakin gadon igiya, kai ba komai, yana kokawa da sabon rawani ruwan ɗorawa mai yadi tara. Ya naɗa ya warware, ya sake naɗawa ya sake warwarewa. Hannunsa rawa yake yi.

"Bapu, naɗi kake yi ko dambe?"

"Akuya, fita ki ba ni wuri."

Akuya yake ce mini tun ina rarrafe, saboda na taɓa cinye masa bakin rawani. Ban taɓa jin ainihin sunana a bakinsa ba.

"Kawo in naɗa maka, kafin baƙi su zo su same ka kamar an ɗaure ƙunshin kaya."

"Na ce ki bari."

Na yi kamar ban ji ba. Tsohon farin rawaninsa na kan gado inda zan zauna, sai na ɗauke shi don in rataye.

"Ajiye wannan!"

Tsawar ta makara. Rawanin ya warware a hannuna, wasu abubuwa masu ƙyalli suka zubo ƙasa. Katunan magani ne, guda biyar. Uku an ɓare su tas, biyu da saura. Ban buƙaci in sunkuya ba na gane su, kullum ina ganinsu a aljihun samarin da ake kawo mana a sume.

"Bapu, mene ne wannan?"

"Maganin gwiwa."

"Tiramol ne."

"To ai maganin gwiwa ne. Likita ya rubuta mini, a gabanki ma."

"Na kwana goma ya rubuta maka, Bapu. Bara, lokacin girbin gero."

Ya sunkuyar da kai. Wannan mutumin da shekara biyu da suka wuce ya yi kwana goma sha biyar a sansanin masu barin amal a birnin Barmer, yana amai yana karkarwa, ya fito aka rataya masa furanni a wuya. Wannan mutumin da ake kai wa yaran ƙauye ya yi musu faɗa. In uwa na son kunyata ɗanta sai ta ce, dubi Pemaram, shekara talatin yana sha ya bari. Ga shi yau a gabana yana kallon yatsun ƙafarsa.

Na durƙusa na tattara katunan. Raina ya ɓaci, amma tausayinsa ya fi yawa.

"Wa yake ba ka?"

"Mai kemis na bakin tasha. Ba ya tambayar takarda."

"Nawa kake sha a rana?"

"Biyu."

"Bapu."

"Huɗu."

"Kalle ni."

"Ke wai asibiti suka ɗauke ki aiki ko ofishin 'yan sanda?"

"Nawa?"

"Takwas. Wani lokaci goma." Ya share gumi da bayan hannu. "Da farko ɗaya ke isa ta. Na sha na ji gwiwa ta saki, na ji jikina ya dawo irin na da. Na ce ai wannan ba amal ba ne, magani ne, a takarda yake, da hatimin kamfani. Daga baya in ban sha ba sai hanci ya kama zuba, ƙasusuwa su kama ciwo, irin dai na wancan lokacin. A nan na gane abu ɗaya ne, riga kawai ya canza."

"Faɗuwar da ka yi a gona watan jiya, da ka ce rana ce ta buge ka?"

Ban jira amsarsa ba.

"Rana ba ta sa mutum ya ciji harshensa, Bapu. Jijjiga ka yi. Ƙwayar nan ce ke kawo ta. Ni da nake aikin asibiti na zauna ina yi maka fifita ina ba ka tsala, ashe ni ce shashasha."

"Ke ba shashasha ba ce. Ni ne na iya ƙarya."

Ya faɗa da wata 'yar dariya, don in yi dariya. Ban yi ba. Wani tunani ne ya faɗo mini.

"Yau ka sha?"

"Kaɗan."

"Nawa ne kaɗan?"

"Huɗu. Ban yi barci ba, Akuya. Shekara goma sha ɗaya ban ga fuskar yaron nan kusa ba."

Yaron nan, wai Baffa Hapuram, mai furfura har a gira.

Na matsa na riƙe gwiwoyinsa.

"To saurare ni da kyau. Ba za ka sha amal ɗin nan ba yau."

"Kin fara."

"Ban fara komai ba. Wanda ƙwayar nan ke jikinsa ya ɗora amal a kai, numfashinsa ne ke yin ƙasa-ƙasa har ya tsaya. Yana zaune, mutane na cewa gyangyaɗi yake. Ka tuna Mangilal mai tarakta? A wurin biki aka bar shi jingine da bango wai barci yake. Da aka kawo mana shi leɓensa ya yi shuɗi. Shi saurayi ne. Kai shekararka sittin da biyu, kuma jikinka ya yi shekara biyu bai ga amal ba. Na sulhu kuma ka san yadda Tsoho Girdhari ke dama shi, da kauri, cikin tafi har sau uku."

"Zan kurɓa kaɗan."

"Ana kurɓar na sulhu kaɗan? A gaban dattawa ashirin?"

Ya san ba a yi. Dole ka shanye har leɓenka ya taɓa fatar hannun mai ba ka.

"To ki gaya mini yadda zan yi," in ji shi, muryarsa ta yi ƙasa. "Ranar zaman kwana goma sha biyu na rasuwar mahaifinmu, ni na miƙa masa hannuna cike. Ya kau da kai. A gaban kowa ruwan ya tsiyaye ta tsakanin yatsuna. Aka ce rikicin rijiya ne. Tun ranar ban sake kiran sunansa ba. Yau ya sauke girman kai, zai aurar da 'yarsa yana son yayansa ya zauna a gaba. Ya miƙo mini hannu, ni kuma in kau da kai? Me za a ce?"

"Ka ce ka daina sha. Kowa ya sani."

"Wanda ya daina ma yana shan na sulhu. Za a ce Pemaram ya jira shekara goma sha ɗaya don ya rama. Kuma shi ma haka zai ɗauka. Shi ke nan har mu mutu."

"To ka gaya musu gaskiya."

Ya zabura kamar na watsa masa ruwan zafi.

"In ce me? In ce mutumin da kuka rataya wa furanni ƙwaya yake haɗiya a bayan garke? In kalli iyayen yaran da na yi wa faɗa da wane ido?"

"Da idon mai rai, Bapu!"

"Rage murya."

Kafin in ankara ya kama hannuna ya ɗora a tsakiyar kansa. Gashin ya yi laushi, ya yi kaɗan, ban san ya zube haka ba.

"Rantse da kaina ba za ki gaya wa kowa ba."

"Bapu, kar ka yi mini haka."

"Rantse. Gobe da kaina zan bi ki Barmer, ki kai ni duk likitan da kike so. Yau kawai nake roƙo."

"In akwai goben."

"Akuya."

Na rantse. Ku zage ni in kuna so, amma wadda ba ta taɓa jin hannunta a tsakiyar kan mahaifinta ba, ta yi shiru.

Ya saki ajiyar zuciya, ya nuna katunan da ke hannuna.

"Tafi da su. Jefa a murhu in kin ga dama. Kin ga ai na ba ki."

Ya ba ni su da sauƙi ƙwarai. Da ina cikin hankalina da na tsaya a kan wannan sauƙin, amma a lokacin kaina ya cika.

*

A kicin na sami Gwaggo Jethi, yayar su Bapu, tana buga gurasar gero tsakanin tafukanta. Ita ce ta yi wata shida tana zirga-zirga tsakanin gidajen biyu har ta haɗa sulhun nan, takalminta ɗaya ma a hanyar ya tsinke.

"Ke, wa ya mutu kika shigo mini da fuska haka? Fasa mazarƙwailar can, bayan amal baki zai nemi zaƙi."

Na ɗauki tabarya ƙarama na fara fasawa.

"Gwaggo, ba za a iya sirka amal ɗin da ruwa sosai ba?"

"Sirkawa? Girdhari ya bar wani ya taɓa masa akushi? Ko matarsa ba ta isa ba."

"In aka ce Bapu ba shi da lafiya fa?"

Ta ajiye gurasar ta juyo gaba ɗaya.

"Sugna, ki fita idona. Ƙafafuna sun kumbura a kan ranar nan. Ko a kan gado za a ɗauko shi sai ya sha. Me ya same shi?"

Maganar ta zo har bakina. Na tuna laushin gashin nan a tafina, na haɗiye ta.

"Ba komai. Na ga hannunsa na rawa."

"Yo ba dole ba? Shi ya goyi Hapuram a bayansa har makaranta. Shekarun nan duk, kin san in an dafa wake da yaji sai ya ce, wannan da yaron nan na nan da ya cinye? Maza ke nan, zuciya na kuka gashin baki na tsaye." Ta mayar da gurasa kan wuta. "Je ki naɗa masa rawanin nan da kanki, kuma ki ɗaure tamau. Hapuram gajere ne, sai ubanki ya sunkuya sosai. In rawani ya faɗi a gaban dattawa, mun shiga uku. Namiji ya fi son a ce ya mutu da a ce kansa ya buɗe a taro."

Tabaryar ta tsaya a hannuna.

Mace ba ta shiga zauren maza in an zauna zaman amal. Ba zan iya riƙe hannun Baffa ba, ba zan iya magana ba. Abu ɗaya kawai nawa ne da zai shiga zauren nan tare da Bapu.

"Akuya!" muryarsa ta taso daga ɗaki. "Zo ki raba ni da wannan masifar!"

*

Na tsaya a bayansa kamar da. Ya riƙe bakin rawanin da haƙori, ni kuma ina zagayawa. Naɗi ɗaya, biyu, uku. Ƙamshin man gashinsa bai canza ba.

"Kin tuna ranar da kika naɗa mini har da kunne ɗaya, na je kasuwar raƙuma ban ji cinikin da aka yi mini ba?"

"Na tuna."

"Hannunki ya fi na uwarki. Kar ki gaya mata in kun haɗu a mafarki."

Na ciji leɓena. In rawanin kawai ya faɗi, za a ɗauka a kaɗe a mayar, a ci gaba da sha. Dole sai an ga dalili. A naɗi na bakwai na zaro katunan biyar daga ƙugun zanina na kwantar da su a cikin ninkin, ta gaba, sama da goshi. Ya saba da nauyinsu a wurin, bai ji komai ba. Da na zo ƙarshe, inda ake cusa bakin a ja shi har sai ya ciji, sai na ɗora shi kawai. A ido ya zauna daram. Sunkuyo ɗaya zai kwance shi.

Ya duba madubi, ya murza gashin baki.

"Kai! Ango sak. Akuyata ba ta manta ba."

Ya shafa kumatuna ya fita. Na san abin da na yi. Mutumin da ya koya mini naɗin nan don in daina kuka, da shi zan tozarta shi a gaban garinsu. Ban ji na yi daidai ba. Na dai ji gara ya tsane ni yana numfashi.

*

Hantsi ya yi zauren ya cika. Ni da Gwaggo muka maƙale a bayan ƙofar da ke tsakanin zaure da tsakar gida, ina riƙe da butar shayi don in sami hujjar tsayuwa.

Tsoho Girdhari na tsakiya. Ya jiƙa amal ɗin, ya zuba a jakar tacewa da ke rataye a ɗan katako, ruwan na ɗiga baƙi-baƙi cikin akushi. Ya yayyafa ɗigon farko don Mahadev, abin bautarmu, dattawa suka amsa.

Baffa Hapuram ya shigo da jan rawani. Ya tsufa fiye da yadda nake hangensa daga nesa. Ya haɗa hannu ya yi gaisuwa.

"Ram Ram, Yaya."

Bapu ya buɗe baki, sai da ya gyara murya sau biyu.

"Ram Ram. Ka rame."

"Kai ma ba ka yi ƙiba ba."

Aka yi dariya. Gwaggo ta fara share hawaye da bakin mayafi tana cewa, "Ji su, ji su, kamar jiya suka rabu."

Girdhari ya yi jawabinsa na rijiya da zumunci, wanda bai ƙare ba sai da wani ya yi tari da gangan. Sannan Baffa ya wanke hannu ya durƙusa a gaban Bapu, ya lanƙwasa tafin damansa. Girdhari ya tsiyaya har ya cika. Na lura Baffa ya kau da hancinsa gefe, kamar warin na damunsa.

"Yaya, na yi kuskure. Sha, ka yafe mini."

Bapu ya kalli hannun. Ya kalli fuskar ƙaninsa. Idonsa ya ciko. Ya ɗan waiwayo wajen ƙofa, ya san ina nan, ya yi mini wani guntun murmushi na ban haƙuri.

Ya sunkuya.

Rawanin ya zame ta gaba, ya bugi hannun Baffa, amal ya fantsama a tabarma. Yadi tara ya warware a ƙasa. Katuna biyar suka watse suna ƙyalli, ɗaya ya tsaya daidai gaban ƙafar Girdhari.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Na shiga uku! Ke Sugna, wane irin naɗi..."

Ba wanda ya yi motsi. Kan Bapu a buɗe, ɗan gashin nan a fili, a gaban mutum ashirin. Wani saurayi daga baya, ɗaya daga cikin waɗanda Bapu ya taɓa yi wa faɗa, ya leƙo ya ce a hankali, amma kowa ya ji, "Tiramol ce."

Bapu ya rufe ido. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Baffa Hapuram ne ya fara motsi. Ya ɗauki kati ɗaya ya juya shi. Ya goge jiƙaƙƙen hannunsa a riga. Sannan ya kai hannu biyu ya cire jan rawaninsa, ya ɗora a kan yayansa, ya danna shi da kyau. Shi ya zauna da kai a buɗe.

"Hapuram!" in ji Girdhari. "Me kake yi haka?"

"Kan yayana nake rufewa. Nawa ya daɗe da cancantar buɗewa."

Ya juyo ga Bapu.

"Yaya, da wannan a jikinka za ka sha? Don ni?"

Bapu bai ɗago ba. "Ba zan kau maka da kai ba."

"Kamar yadda na yi maka." Baffa ya yi wata dariya mai haɗe da kuka. "Ku saurara, dattawa. Shekara goma sha ɗaya kuna cewa rijiya. Wace rijiya? Rijiyar da ko jaki ba ya shan ruwanta? Ranar da Yaya ya miƙo mini hannu, kwanana arba'in da barin amal. A ɓoye na je Jodhpur, likita ya ce in na sake sha ba zan ga girman 'ya'yana ba. A wancan zamanin wa ke bari? Cewa za a yi matarsa ta fi ƙarfinsa. Na ji kunyar faɗa, sai na kau da kai. Da kuka ce rijiya ce, na bar ku a haka. Na zaɓi in rasa yayana da a yi mini dariya."

Bapu ya ɗago a hankali.

"Kana nufin tun lokacin ba ka sha?"

"Ko ɗigo."

"To yau fa? Bayan na sha naka ai sai ka sha nawa."

"Da na sha."

"Shekara goma sha ɗaya za ka zubar a tafi ɗaya?"

"Kai ba ranka za ka zubar ba?"

Bapu ya matso kusa da shi. Sai ya kai hannu ya kama kunnen Baffa ya murɗe, mutum mai jikoki uku.

"Sakarai. Tun kana yaro kai sakarai ne."

"A bayanka na girma, Yaya."

Suka rungume juna suna kuka kamar yara. Gwaggo ta manta da dokar zaure, ta zura kai ta ƙofa tana ihu.

"Ku biyun duk tabarya ta dace da ku! Takalmina ya tsinke a banza! Girdhari, kwashe baƙin ruwan nan, ga mazarƙwaila, su ba juna a baki in dai sai an ba da wani abu!"

Girdhari ya yi gunaguni cewa ba haka kakanni suka yi ba, amma da kansa ya miƙa hannu ya karɓi tiren mazarƙwailar. Baffa ya gutsura ya sa wa Bapu a baki, Bapu ya sa masa. Na jingina da bango, sai a lokacin na ji butar shayin na ƙona mini hannu.

Sai na ga Bapu ya sunkuya ya ɗauki bakin rawanin da ya faɗi. Ya duba shi. Babu alamar cusawa, ko lanƙwasa babu. Ya miƙe, jan rawanin ƙaninsa a kansa, ya nufo ƙofa. Maza suka dare masa. Tafiyarsa ba daidai take ba, na ɗauka kuka ne.

Ya tsaya a gabana.

"Sugna."

Gabana ya faɗi. Yau ne farkon jin sunan a bakinsa.

"Wa ya koya miki naɗi?"

"Kai ne, Bapu."

"Na koya miki a bar baki a sake?"

"A'a."

"Kin tozarta ni."

"Na sani. Ka yi mini duk abin da ka ga dama."

Ya kalle ni, ya kalle ni. Sai ya sa babban yatsa ya share mini hawaye, yadda yake yi ina 'yar shekara tara.

"Uwarki ma da haka za ta yi. Buɗe hannunki."

Na buɗe. Ya laluba ƙugunsa, ya zaro wani kati da ban san da shi ba, ya ɗora mini a tafi.

"Wannan ba ki gan shi ba. Shi ne na ƙarshe, na rantse da kanki. Gobe Barmer."

Na yi dariya cikin kuka, na duba katin. Dariyar ta tsaya. Gurbi goma ne, biyu kawai suka rage.

"Bapu, wannan a cike yake da safe?"

Ya kau da ido.

"Yaushe ka sha takwas?"

"Da kika tafi kicin. Gabana ne ke faɗuwa, Akuyata. Na ce bari in ƙara kaɗan, kar yaron nan ya ga hannuna na rawa."

Huɗu da safe. Takwas a kai.

"Baffa!" na ƙwala ihu. "A kawo mota! Yanzu!"

"Haba, ke kam akwai..." in ji Bapu, yana murmushi.

Bai ƙarasa ba. Yatsunsa suka damƙe hannuna da ƙarfin da ba nasa ba, suka fara fizga. Jijjigar ce ta dawo.